Idan Matsalar Daga Ofishin Mudir Take

Mu Hausawan da muke zaune a Makka da Jidda halinmu biyu ne idan shugaban makarantar 'ya'yanmu ya yi abin da bai dace ba, kuma a iya zamana a ƙasar nan ban ga ɗayansu ya gyara wata makaranta ba. Na farko shi ne shiru: yaro ya dawo gida da kuka, uwa ta faɗa wa uba, uba ya ce a yi haƙuri mu baƙi ne, magana ta mutu a ɗaki. Na biyu shi ne a yi ta haɗiye abu wata da watanni, ranar da tura ta kai bango sai a ɗauki waya a zazzage wa mudir, wato shugaban makarantar, baƙar magana a zauren iyaye na WhatsApp, da sunansa da hotonsa, a wayi gari wanda aka zalunta shi ake nema da laifi. Tsakanin waɗannan biyun akwai hanyar da Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar nan ta shimfiɗa, wadda ba sai kana da uwa a gindin murhu za ka bi ta ba. Abin da take nema a wurinka shi ne takarda, da kwanan wata, da juriyar bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Ba na raina tsoron da yake sa mutanenmu yin shiru, domin na san inda ya samo asali. Magidancin da zamansa ya rataya a kan igama (takardar izinin zama) da yardar kafili (wanda ya tsaya masa), wanda tun watan Yuli na 2017 yake biyan kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin sunansa, kuɗin da suka fara daga riyal 100 a wata har suka kai riyal 400 a 2020, ba ya son duk wani abin da zai sa a ambaci sunansa a ofishin hukuma. Yana ganin gurbin da ɗansa ya samu a makarantar gwamnati alfarma ce, wanda aka yi wa alfarma kuwa ba ya ɗaga murya. Sai dai ya kamata mu rarrabe ofisoshi. Koke a kan makaranta Ma'aikatar Ilimi yake zuwa, su kuma jawazat, hukumar fasfo da izinin zama, aikinsu daban ne, kuma dokokin da suka hana dukan ɗalibi ko wulaƙanta shi ba su ware ɗan ƙasa su bar ɗan mazauni ba. Wanda igamarsa take da rai, kuma sunan ɗansa yake cikin Nur, tsarin rajistar ɗalibai na intanet, waliyyin ɗalibi ne cikakke a idon makaranta, yana da damar ya yi tambaya a ba shi amsa. Wanda takardunsa suke da tangarɗa shi ne nake ba shawarar kada ya shige gaba, ya bar wani uban da matsalar ta shafa ya sa sunansa, tunda da wuya laifin shugaban makaranta ya tsaya a kan yaro ɗaya.

Akwai kuma masu cewa kai ƙarar malami giba ce, ko butulci ne ga wanda yake koya wa ɗanka karatu. Wannan magana tana da daɗin ji amma malamai ba su tafi a kanta ba. Imam Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kukansa ga mai ikon ƙwato masa haƙƙi. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ma ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Abin lura a nan shi ne sharaɗin: a kai wa mai iko, wanda zai iya gyarawa. Zauren da ya tara iyaye ɗari ba shi da ikon gyara komai, saboda haka zuba maganar a can ya fi kusa da gibar da ake gudu fiye da rubuta wa hukuma takarda.

Kafin a kai ga rubutu, sai a tabbatar laifin na shugabanci ne. Makarantar gwamnati a nan tana da mudir a sama, da wakili ɗaya ko fiye a ƙarƙashinsa, da jami'in kula da tarbiyyar ɗalibai wanda da ake kira murshid yanzu kuma ake ce masa muwajjih, sannan malaman aji. Idan malamin lissafi ya rage wa yaro maki ba bisa ƙa'ida ba, ko wani ɗalibi ya ƙwace masa abincin tara, wannan magana ce ta malami ko ta muwajjih, kuma wanda ya tsallake su ya kai ta hukuma zai ga an dawo masa da ita inda ya baro. Magana tana zama ta mudir idan an sanar da makaranta an kuma sanar amma ba a yi komai ba, ko an ɓoye wa iyaye raunin da yaro ya ji a cikin makaranta, ko an hukunta ɗalibi ba tare da bin matakan da aka rubuta ba, ko ana karɓar kuɗi a hannun yara ba da izinin hukuma ba, ko an bar wata ƙofar fita a garƙame, ko kuma an ga cewa duk lokacin da aka yi faɗa yaro baƙar fata ne ake kira ofis shi kaɗai. Wannan na ƙarshen yana faruwa, kuma shi ne mafi wuyar tabbatarwa, domin mai yin sa ba ya rubutawa. Hanyar kama shi ita ce a tara lokutan da ya faru, kowanne da ranarsa da abin da aka yi wa kowane ɓangare, har maimaituwar ta zama ita ce shaida.

Shi ya sa nake cewa kowane uba ya ajiye ɗan littafi. Ranar da yaro ya kawo labari, a bar shi ya ci abinci ya huce, sannan a zaunar da shi a tambaye shi a hankali: a wane darasi abin ya faru, wa da wa suke wurin, me ka ce kafin a faɗa maka haka, ina malami yake a lokacin. Kada a sa masa magana a baki, kuma kada a nuna masa fushi a fuska, domin yaro yana karanta fuskar ubansa ya ƙara wa labari gishiri gwargwadon abin da ya gani. Bayan kwana ɗaya a sake tambayarsa a ga ko labarin ya canza. Aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta umarce mu da bincike kafin ɗaukar labari ba ta ce ban da labarin 'ya'yanmu ba. A rubuta abin da ya tabbata da kwanan watan Hijira da na Miladiyya, a adana duk saƙon da makaranta ta turo ta waya, a ɗauki hoton shafin Nur da ya nuna makin ɗabi'a ko kwanakin fashi kafin a canza shi. Idan akwai rauni a jiki, a kai yaron asibiti ranar a karɓi rahoton likita, saboda shatar bulala takan baje cikin 'yan kwanaki, rahoto kuwa yana nan.

Sannan a nemi kundin ƙa'idojin ɗabi'a da halartar makaranta wanda Ma'aikatar Ilimi take fitarwa, ana samunsa a intanet, kuma makaranta takan sa iyaye su sa hannu a kan amincewa da shi a farkon shekara, yawancinmu kuwa muna sa hannun ba mu karanta ba. A cikinsa an kasa laifuffukan ɗalibai daraja-daraja, kowace daraja da matakinta: jan kunne, sanar da waliyyi, rubuta alkawari, rage makin ɗabi'a, har zuwa mayar da yaro wata makaranta, wanda shi ba mudir ne yake yanke shi shi kaɗai ba sai an ɗaga maganar zuwa hukumar ilimi ta yanki. An kuma hana duka da zagi da izgili a matsayin horo. Uban da ya shiga ofis ya ce an zalunci ɗana, ra'ayinsa ya faɗa, kuma ana iya musa masa. Wanda ya ce an kori ɗana daga aji mako guda ba tare da an kira ni ba, alhali kundin ya ce a kira ni, ya kawo abin da dole a amsa.

Na taɓa raka wani dattijo maƙwabcina wurin mudir domin in yi masa tafinta, saboda Larabcinsa na kasuwa ne, yana ji sarai amma idan ransa ya ɓaci sai harshen ya ƙwace masa. Jikansa ne wasu manyan yara suke tarewa a bayan gida suna duka, an faɗa wa malamin aji, an faɗa wa wakili, abu bai canza ba. Mudir ya karɓe mu hannu biyu, ya zuba mana gahawa a ƙananan finjalai, ya tura mana farantin dabino. Dattijon ya fara da gaisuwa, ya yi addu'a ga mahukunta, ya ba da tarihin zuwansa Makka, ya yabi makarantar, kuma kafin ya iso kan maganar an buga ƙararrawa, wani malami ya leƙo da takardu a hannu. Mudir ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce yaron kamar ɗansa ne, in sha Allahu ba za a sake ba. Da muka fito dattijon yana ta murna, ya ce mini, "Ɗana, ka ga mutumin kirki ko? Ai magana ta ƙare." Na ce, "Baba, mutumin kirki ne, amma me ya ce zai yi, kuma yaushe?" Ya yi shiru, ya gyara hularsa. Babu abin da aka rubuta, babu sunan yaran da aka ambata, babu ranar da aka sa. Bayan ɗan lokaci aka sake tare yaron.

Da muka koma, da takarda muka koma, shafi ɗaya, kwafi biyu. Mudir ya karanta a tsaye, fuskarsa ta canza, ya sa aka kira muwajjih nan take, muka kuma roƙi a buga mana hatimin makaranta da kwanan wata a kwafinmu. Ba mu ɗaga murya ba, ba mu ambaci hukuma ba, amma duk wanda yake ɗakin ya san inda takarda mai hatimi take iya zuwa. Ladabin da muka gada na doguwar gaisuwa da kewaye-kewaye abu ne mai kyau, kuma Larabawa ma suna son sa, sai dai a ofis ya kamata a taƙaita shi, a bar wa takarda sauran aikin.

Ita takardar, wadda a nan ake kira ma'arud, da Larabci ake rubuta ta, kuma idan naka bai kai ba ka nemi ɗalibin jami'a daga cikin yaranmu ya rubuta maka, amma ka sa ya karanta maka ita da Hausa kafin ka sa hannu, domin masu rubutu suna son ƙawata magana da kalmomin da ba ka faɗa ba. A saman ta sunanka da lambar igama da lambar waya, da sunan yaro da ajinsa. Sai abin da ya faru a jere bisa kwanan wata, da wanda aka sanar da abin da ya amsa. Sai abin da kake nema, kuma a nan ne yawancin koke yake lalacewa. Wanda ya rubuta cewa a cire mudir ya nemi abin da ba za a yi saboda takardarsa ba, ya kuma nuna kansa a matsayin mai gaba. Wanda ya nemi a sa mai tsaro a bayan gida lokacin fusha, wato hutun tara, ko a dawo da makin da aka rage, ko a ba shi dalilin hukunci a rubuce cikin mako ɗaya, ya nemi abin da za a iya yi, kuma za a iya gane ba a yi ba. Kada a sa siffa ko ɗaya a kan mutum, kada a ce azzalumi ko maƙaryaci ko mai wariya. A faɗi aikin da ya yi, mai karatu ya sa masa suna da kansa. Kada kuma a haɗa tsohon ƙorafin bara da na bana, domin mai amsawa zai zaɓi mafi rauni a cikinsu ya rushe, ya bar sauran kamar ya amsa duka.

A makarantun 'yan mata lamarin ya ɗan bambanta, tunda uba iyakarsa bakin ƙofa wurin mai gadi, uwa ce take shiga ta ga mudira. Da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su saba da ofis ba, wasu kuma Larabcin karatu ya yi musu nisa, sai ka ga matsalar 'ya mace ta daɗe ba a kai ta ko'ina ba. Maganin shi ne uba ya rubuta takardar, uwa ta shiga da ita tare da wata 'yar'uwa mai jin harshen, ta fito da kwafi mai hatimi. Kuma idan maganar ta shafi lafiyar gini ce, kada a jinkirta ko kwana ɗaya. Mutanen Makka ba su manta gobarar watan Maris na 2002 ba, wadda ta tashi a wata makarantar 'yan mata ta matsakaicin mataki ta ci rayukan ɗalibai 15, a ginin da ya cika maƙil da yara. Bayan wannan musiba ne aka rushe hukumar da take kula da ilimin mata ita kaɗai aka haɗe ta da ma'aikatar ilimi. Uwar da ta ga an tara kujeru a kan matakala ko an sa kwaɗo a ƙofar gudu, ta faɗa a rubuce, ko da 'yarta ba ta taɓa kawo ƙorafi ba.

Idan wa'adin da aka nema ya wuce makaranta ba ta motsa ba, sai a ɗaga maganar. Ma'aikatar Ilimi tana da kafar karɓar koke a intanet mai suna Tawasul, ana shiga ta da Nafath, manhajar tantance mutum, kamar sauran hidimomin gwamnati, a zaɓi nau'in buƙata, a zaɓi hukumar ilimin da makarantar take ƙarƙashinta, a rubuta bayani, a liƙa hoton takardu. Da an tura za a ba ka lambar koke, ita ce za ka riƙe kana bibiya da ita. Akwai kuma lambar waya ta ma'aikatar, 19996. Wanda ya fi son ido da ido yana iya zuwa ofishin hukumar ilimi ta yankinsa da takardarsa, amma shi ma kada ya fito sai da lambar shigar da ita. Abin da ya kamata a sani shi ne, sau da yawa koken yakan koma wa makarantar domin ta ba da nata bayanin, ko a turo mai sa ido ya zo ya bincika. Saboda haka ka rubuta shi kana sane da cewa mudir zai karanta, kuma ka liƙa kwafin nan mai hatimi, domin amsar farko da makaranta takan bayar ita ce waliyyin bai taɓa zuwa mana da maganar ba. Idan an rufe koken da amsar da ba ta taɓa ainihin maganar ba, a buɗe sabo, a ambaci lambar na farko, a nuna tambayar da aka tsallake.

Duk wannan bin matakai na matsalolin yau da kullum ne. Idan an taɓa mutuncin yaro, ko an yi masa dukan da ya ji rauni, ko ana yi masa barazana don ya yi shiru, babu zancen fara zuwa shan gahawa a ofishin mudir. Ƙasar nan tana da dokar kare yara tun 2014, akwai layin taimakon yara 116111, akwai 1919 na kai rahoton cin zarafi, kuma a yankin Makka 911 ne na gaggawa. Makarantar da ta ce a rufa asiri a sasanta a cikin gida a irin wannan hali, sunanta take karewa. Haka kuma idan ma'aikacin makarantar gwamnati ya nemi na goro kafin ya ba yaro gurbi ko ya gyara sakamako, wannan aikin hukumar yaƙi da rashawa ce, Nazaha, lambarta 980.

Na dawo kan WhatsApp domin nan ne mutanenmu suke faɗawa rami da ƙafarsu. Dokar laifuffukan intanet ta 2007, a sashe na 3, ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta hanyar na'ura, haka ma wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Saƙon murya na minti uku da aka tura cikin fushi ba ya tsayawa a zauren da aka tura shi, kafin magariba wani ya miƙa wa wanda aka zaga. Kasancewar abin da ka faɗa gaskiya ne ba lallai ya fitar da kai ba, domin yaɗawar ita ce laifin, kuma ga mazauni irin wannan shari'a tana iya taɓa zamansa gaba ɗaya. Ba wa yaro waya ya ɗauko bidiyon malami a ɓoye ma haɗari ne iri ɗaya, ga shi kuma ka koya masa leƙen asiri. Magana zarar bunu ce. A ɗaya ɓangaren, koken ƙarya da aka shirya don cutar da mutum shi ma ana hukunta mai shi, wanda hakan wani dalili ne na kada a rubuta sai abin da aka tabbatar.

Kuskure biyu ne suka rage da nake yawan gani. Wasu sukan hana yaro zuwa makaranta don nuna fushi, alhali tun 2023 an tsananta a kan fashi ba uzuri, ana bin gargaɗi mataki-mataki, kuma idan ya kai kwana 20 maganar tana iya komawa ƙarƙashin dokar kare yara, uba ya zama shi ne abin tuhuma. Wasu kuma sukan ce a taru a je ƙofar makaranta gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a gida Najeriya. A nan ba a yin haka, taron nuna ƙin amincewa haramtacce ne. Idan iyaye goma ne abin ya shafa, kowa ya shigar da nasa koken da sunansa da labarin ɗansa. Lambobi goma a kan makaranta ɗaya cikin mako ɗaya sun fi taron mutum hamsin ƙarfi a teburin jami'i.

Makarantun kuɗi da na jaliyoyi, wato al'ummomin baƙi, irin waɗanda Indiyawa da 'yan Pakistan da wasu ƙasashe suke da su a Jidda da Riyad, suna da ƙarin ƙofa ɗaya, wato mai makarantar ko majalisar gudanarwarta, kuma ita ake bi bayan mudir. Amma duk suna aiki ne da lasisin Ma'aikatar Ilimi, saboda haka Tawasul ta shafe su. A irin waɗannan makarantu rigimar yawanci ta kuɗi ce, kuma makamin uba shi ne yarjejeniyar da ya sa wa hannu da rasiɗan biya. Wanda ya biya a hannu ba rasiɗi saboda ya san akawun, ranar rigima ba shi da abin nunawa.

Inda abin ya fi mini wuya, kuma inda na ga an fi cutar yara, shi ne makarantunmu na cikin unguwa, na allo da na haddar Alƙur'ani da darussan yamma, waɗanda namu ne suke shugabantarsu. A makarantar gwamnati mudir baƙo ne, kana iya rubuta masa takarda ka kwana lafiya. A nan shugaban makarantar shi ne limamin da ya raɗa wa ɗanka suna, ko ƙanin surukinka, ko mutumin garinku da ya sauke ka ranar da ka fara zuwa ƙasar nan. Idan ka yi magana za a ce ka ci fuskar malami, matarka za ta ji a wurin biki, kuma wani zai tuna maka cewa mu ma da bulala muka yi karatu. Ga kuma nauyin sanin cewa wasu daga cikin waɗannan wurare ba su da cikakkiyar rajista, ƙara ɗaya tana iya sa a rufe su, yaran da ba su da wata makarantar su koma yawo a lungu. Wannan nauyi gaskiya ne, kuma saboda shi nake ganin a fara da hanyarmu ta gida: ka je wurin malam kai kaɗai bayan sallar isha'i, ka ce, "Allah ya gafarta malam, na zo da wata magana ce a kan yaron nan," ka faɗe ta ba a gaban ɗalibai ba. Idan bai ji ba, ka koma da dattawa biyu da yake jin nauyinsu, waɗanda za su iya cewa a sauke mataimakin da yake dukan yara ko a bayyana inda kuɗin wata yake tafiya. Amma a sa wa sulhun wa'adi, domin a wurinmu "ana kan magana" yana iya cin shekara. Kuma iyakar da na faɗa a sama tana nan daram: abin da ya kai ga rauni ko taɓa mutuncin yaro ya fi ƙarfin zauren dattawa, ko da wanda ya aikata ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayan an shigar da koke, a sa ido a kan yaron. Yawancin shugabanni sukan ƙara kiyayewa da ɗan wanda ya san hanyar hukuma, amma akan sami wanda zai huce a kan yaro ta hanyar maki ko kyara a gaban aji. Idan an ga alamar haka, a rubuta shi a littafin nan da ranarsa, a ƙara shi a kan lambar koken farko. Kada a riƙa zagin mudir a gaban yaron, domin gobe da safe shi zai tsaya a layi ya gaishe shi. Idan zama ya ƙi daɗi duk da an gyara abin da aka nema, ana iya neman canjin makaranta ta cikin Nur, kuma ya fi sauƙi a ƙarshen zango fiye da tsakiyarsa. Wanda kuma hukumar ilimi ta yanke wa ɗansa hukuncin da yake ganin ya saɓa doka, kamar kora, yana da damar zuwa Diwanul Mazalim, kotun da take sauraron ƙara a kan hukunce-hukuncen ma'aikatun gwamnati. Ƙarar irin wannan tana da wa'adin shigarwa, saboda haka a nemi lauya tun ranar da aka karɓi hukuncin a rubuce, a tafi masa da littafin da kwafin takardun da lambobin koken gaba ɗaya.